Babulen Kurfai da Girman Kan Bariki

Wanda ya bar Yamai ya fuskanci arewa maso gabas, ya bi hanyar da ta ratsa Balayara da Bonkuku, in ya ci tafiyar kilomita wajen 180 sai ya iske kansa a Filinge, garin da ya jingina da gaɓar Dallol Boso, wato wannan tsohon kwari mai faɗi da ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Kwara, wanda ruwansa ya nutse cikin rairayi tun zamanin da ba mai iya ƙididdigewa, amma bai yi wa mai haƙar rijiya nisa ba. Ƙasar da ke kewaye da garin ita ce Kurfai, mutanenta kuwa Kurfayawa, waɗanda harshensu Hausa ne, ko da yake daɗewar maƙwabtaka ta sa Zabarmanci bai zama baƙo a bakinsu ba. Riwayar kakanni ta ce daga gabas suka taso, ta wajen Adar, suka sauka cikin wannan kwari suna noman hatsi da kiwon shanu, ga Zabarmawa kudu da yamma, ga Arawa gabas, ga Abzinawa arewa, waɗanda wata shekara abokan ciniki ne, wata shekara kuma masu kawo hari bayan kaka, sa'ad da rumbuna suka cika.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe game da Kurfai ta wancan zamani shi ne ba ta san irin sarautar Katsina ko Gobir ba, inda ake buga tambari, fadawa su yi jinjina, talaka ya faɗi ya yi gaisuwa. Kowane gari yana da dattawansa da masu kula da al'adun ƙasa da na damina, in kuwa ƙura ta taso daga arewa sai a nemi jarumin da aka shaida da ƙarfin zuciya da sa'a, a kira shi mayaƙi, a bi bayansa. Girmansa yana rataye da nasararsa, ranar da sa'a ta juya masa baya mutane ma sai su juya. Jama'ar da ta tashi a kan wannan tarbiyya takan yi ido mai kaifi wajen gane mutumin da ya ɗauki kansa ya kai inda Allah bai ajiye shi ba.

Labarin Nasara ya riga su isowa Kurfai, kuma ba labari ne mai daɗin ji ba. A farkon shekarar 1899 rundunar da Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine suke ja ta bar bakin kogi ta nufi tafkin Cadi, ta bi ta ƙasar Zabarma da Arewa tana ƙone garuruwa, ta gwabza da mutanen Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Da labarin ta'asar ya kai Paris aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragama, ya bi sawunsu ta cikin kufai da gawawwaki har ya cim ma Voulet a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Voulet ya sa aka harbe shi, sa'an nan ya shaida wa hafsoshinsa cewa daga ranar shi ba Bafaranshe ba ne, sarki ne na baƙar fata da zai kafa daula ta kansa. Daular ba ta wuce kwana uku ba, domin askarawansa su da kansu suka kashe Chanoine ranar 16, suka kashe Voulet ranar 17, kaburburansu kuwa suna nan a Maijirgi. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, kuma da wuya a sami wanda ya naɗa wannan rawani ya warware masa da gaggawa irin ta mutumin nan.

Waɗanda suka biyo baya sun zo da takarda da ƙa'ida. A farkon ƙarni na 20 aka kafa bariki a Filinge, aka mai da Kurfai kanto guda, aka ɗora gidan Mayaƙi Namalaya a kanta, saboda Nasara ba ya iya mulkin ƙasar da ba ta da mutum ɗaya wanda za a kira a ba shi umarni, a kuma kama in umarnin bai zartu ba. Daga nan lanho ya shigo, da aikin tilas na hanya da gini da dakon kaya, da ɗibar samari zuwa soja, da wata doka da aka keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai, wadda ta ba kumandan ikon jefa mutum kaso har kwana 15 ba alƙali ba shaida, cikin laifuffukan da ta lissafa kuwa har da rashin ladabi ga wakilin hukuma. Haraji abu ne da kowace daula take karɓa, ta adalci da ta zalunci. Amma a kafa dokar da za ta sa kallon da talaka ya yi wa mai mulki, ko jinkirin da ya yi wajen sauka daga dokinsa, ya zama dalilin ɗauri, wannan ya fita daga babin siyasa ya shiga babin cututtukan zuciya.

A nan alƙalami yana son ya dakata, domin mutanen nan da suka zo da wannan ɗabi'a sun fito ne daga al'ummar da littafinta ya tsananta gargaɗi a kan kibri ƙwarai. Gaskiya ne gwamnatin Faransa ta raba kanta da majami'a a 1905, da yawa daga cikin hafsoshinta ba masu ibada ba ne, ba ta kuma ɗokin shigar masu bishara ƙasashen Musulmi. Duk da haka babu ɗayansu da ya tashi a garin da ba a karanta Linjila duk Lahadi. A cikin Linjilar Luka akwai misalin da Annabi Isa, alaihis salam, ya bayar na mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a, ɗaya malami ne mai kiyaye shari'a, mai azumi sau biyu a mako, mai fid da ushiri daga duk abin da ya samu, wanda ya tsaya yana gode wa Allah da bai yi shi kamar sauran mutane ba. Ɗayan kuwa mai karɓar haraji ne, yaron Rumawa masu mulkin ƙasar a lokacin, wato irin mutumin da yake zagaya kauyuka yana tara wa kumandan lanho, shi kuwa ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon rahama, kuma shi ne aka ce ya koma gida karɓaɓɓe. A Linjilar Markus, da biyu daga cikin hawariyawa suka nemi a keɓe masu mazauni dama da hagu a ranar ɗaukaka, sai ya nuna masu cewa nuna iko a kan na ƙasa al'adar sarakunan duniya ce, su a tsakaninsu babba shi ne mai hidima. A Linjilar Yohanna kuma an ba da labarin daren da ya tashi daga wurin cin abinci, ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a tasa, ya bi almajiransa ɗaya bayan ɗaya yana wanke ƙafafunsu, aikin da a gidajen wancan zamani bawa ake sawa, har Bitrus ya nemi ya ƙi saboda kunya. Kiristoci sun mai da wannan ibadar shekara-shekara a ranar Alhamis da ke gaban idin Ista, kuma a zamanin dā sarakunan Faransa da kansu sukan durƙusa a wannan rana su wanke ƙafafun matalauta.

Malamansu sun yi wa mas'alar sharhi mai zurfi. Agustin, wanda ɗan Afirka ne, limamin birnin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya rasu a 430, ya lura cewa sauran zunubai a cikin mugun aiki suke zaune, shi kuwa kibri yana laɓewa har a cikin aikin alheri ya ɓata shi, ta yadda mutum zai iya rabar da dukiyarsa duka ya fito da zuciyar da ta fi ta da kumbura. Benedikt, wanda ya tsara wa rahibai ƙa'idar zama a Italiya cikin ƙarni na 6, ya keɓe babi na 7 ga tawali'u, ya kasa shi matakai 12, ya siffanta shi da tsani wanda ake hawa ta hanyar ƙasƙantar da kai, ake gangarowa ta hanyar ɗaukaka ta. Paparoma Girigori, wanda ya riƙi kujera daga 590 zuwa 604, ya sa kibri a matsayin uwa da ta haifi manyan zunubai bakwai, ya kuma zaɓa wa kansa laƙabin bawan bayin Allah. Almajirin da ya yi zaman zaure a ƙasarmu ba zai ji baƙon abu a nan ba, tun da ya san Iblis bai faɗi saboda sata ko zina ba sai don ya ga ya fi ƙarfin sujada ga wanda aka halitta da yumɓu, ya kuma san Imamu Gazali ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u don zargin kibri da ujubu. Akwai saɓani mai girma a asalin aƙida, domin Kirista yana kafa tawali'unsa a kan imanin cewa Almasihu ya ƙasƙantar da kansa har ga mutuwar gicciye, abin da Musulmi bai tafi a kai ba. Amma wajen gane alamomin cutar likitocin biyu sun yi ittifaƙi. Namu sun taƙaita ta da ƙin karɓar gaskiya da raina mutane, nasu kuma sun nanata cewa mafi munin halinta shi ne takan makantar da mai ita, har ya zama kowa yana ganinta a jikinsa ban da shi.

Shekarar 1916 ta nuna fuskoki biyu na Nasara a hamada ɗaya. A watan Afrilu Firhun, sarkin Abzinawan Iwillimmidan, wanda ya kuɓuce daga ɗauri a Gawo, ya kawo yaƙi har Filinge, mayaƙan gidan sarautar Kurfai, waɗanda suka daɗe suna shan hari daga arewa, suka tsaya tare da bariki aka kore shi, a watan Mayu aka fasa rundunarsa a Andarambukan. Wannan ya ƙara wa gidan daraja a idon kumandan, ya kuma ƙara nisa tsakaninsa da talakawan da ke biyan lanho. A ranar 1 ga Disamba ta wannan shekara, can arewa a Tamanraset, aka harbe Charles de Foucauld a ƙofar gidansa. Shi ɗan sarauta ne, tsohon hafsa, wanda ya ɓarnatar da gadonsa a ƙuruciya, ya zaga Maroko a 1883 da 1884, ganin yadda Musulmi ke tsai da salla a ko'ina lokaci ya same su ya girgiza shi, har ya koma ga addinin iyayensa a 1886, ya zama rahibi, ya yi shekaru yana aikin bara a gidan wasu mata masu ibada a Nazarat, daga 1905 kuma ya zauna cikin Abzinawan Ahaggar yana rubuta ƙamus na harshensu. A farkon 1908 ciwo ya kwantar da shi cikin fari mai tsanani, sai maƙwabtansa, su da kansu suna cikin yunwa, suka bi awaki suna tatso ɗan nonon da ya rage suna kawo masa har ya tashi. Masu rubuta tarihinsa suna ganin a nan ne mutumin da ya zo bayarwa ya koyi karɓa, wanda shi ne mataki mafi wuya ga ɗan babban gida. Majami'ar Katolika ta sa shi cikin waliyyanta a 2022. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa shi ma ya yi imani mulkin Faransa alheri ne ga hamada, aminin Janar Laperrine ne, yana rubuta wa hafsoshi labarin abin da ke gudana, kuma akwai bindigogi a ganuwar da ya gina. Tawali'un mutum ɗaya a ɗakinsa bai isa ya wanke tutar da yake zaune a inuwarta ba.

Kurfayawa dai ba su ga irin Foucauld ba. Abin da suka gani shi ne fareti a gaban bariki, da busar ƙaho, da yadda kofur yake ƙamewa gaban saje, saje gaban laftana, laftana gaban kumandan, kowa yana shan tsawa daga sama yana sauke ta a kan na ƙasa, har ta ƙare a kan manomin da ba shi da kowa a ƙasansa. Samarinsu da suka dawo daga yaƙin Turai sun zo da ƙarin bayani a kan wannan tsani, wanda ake hawa ta hanyar take na baya.

A 1925, a garin Cikal da ke kudu da Filinge, ana cikin wasan bori, sai wani iska da masu goge ba su san takensa ba ya hau wata mace mai suna Shibo, 'yar wani mutum da ake kira Ganji. Riwaya ta ce iskan ya ambaci kansa da Gwamnan Maliya, wato daga wajen Bahar Maliya ya taso. Ba a daɗe ba 'yan'uwansa suka fara sauka a kan samari da 'yan mata na garuruwan kewaye, kuma duk wanda ya gan su ya san inda aka ɗauko siffarsu. Dokin, wato wanda iskan ya hau, yakan faɗi yana kakkarwa, kumfa na zuba daga bakinsa, sa'an nan ya miƙe tsaye ƙyam, ya buɗe idanu jajur, ya fara taku yana ɗaga gwiwa yana buga ƙafa, ya tsaya gaban ɗan'uwansa ya sara masa, ya yi magana da wani harshe mai kama da Faransancin bariki, yawancinsa umarni da zagi; wani ya ɗauki bindigar itace ya tsaya gadi, wani ya nemi a ba shi wuta, ya kara bakin wutar a ƙirjinsa da hammatarsa don a shaida ba mutum ne ke tsaye ba. Akwai gwamna a cikinsu, akwai janar, akwai kofur mai gadi, akwai likita da matarsa, kowane da muƙaminsa da wanda yake sara wa. Hausawan yankin suka kira su Babule, Zabarmawa suka kira su Hauka. Mabiyansu suka riƙa fita daji suna atisaye da dare, suka ƙi sauraren sarkin Kurfai na lokacin, Gado Namalaya, suka fara noƙewa ga lanho da aikin tilas, a daidai lokacin da ake shirin ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram zuwa Yamai, abin da ya tabbata a 1926, ana bukatar hannuwa masu yawa na gini.

Ƙara ta kai ga kumandan Yamai, Horace Crocicchia. Bisa ga abin da mai shirya fim Jean Rouch ya ji daga bakin tsofaffin Hauka, an kamo wajen mutum 60 an kai Yamai, aka kulle su kwana uku, sa'an nan kumandan ya sa aka fito da su, ya ce su kira iskokin nasu ya gani. Da suka hau sai ya bi su da mari da bulala, har ya tilasta wa Shibo da sauran su furta da bakinsu cewa babu wani abu wai shi Hauka. Ga raina mutane da ƙin gaskiya sun haɗu a fili ɗaya. Da mutumin nan ya tsaya ya duba da idon basira, da ya ga abin da ba wani tafinta da zai yi ƙarfin halin gaya masa, wato yadda tafiyarsa da muryarsa da fushinsa suke bayyana ga waɗanda yake mulka, kamar yadda uba yakan ga takunsa a ƙafar ɗansa ƙarami. Bai duba ba, ya ɗauka mari yana korar iska. Sakamakon da ya samu shi ne ba a jima ba wani sabon iska ya sauka, mafi zafin rai a cikinsu duka, mai zagi da dūka da barazanar kaso, aka sa masa suna Kumandan Mugu, wasu kuma suna ce masa Korsasi saboda tsibirin Korsika da ake danganta kumandan da shi.

Masana sun yi saɓani a kan ma'anar wannan al'amari. Finn Fuglestad, a maƙalarsa ta 1975, ya karanta shi a matsayin tawayen talakawa ga sarakunan da Faransa ta naɗa da kuma tsarin da ya naɗa su. Wasu sun ce kada a mai da masu bori 'yan siyasa da ƙarfi da yaji, domin su a wurinsu iskokin gaskiya ne, ba wasan kwaikwayo suke yi ba. Malaman addini kuwa, a da da yanzu, hukuncinsu a kan bori sananne ne, shirka ce, ba su ware Babule ba. Mai wannan rubutu ba ya jayayya da malamai a kan hukunci, sai dai yana ganin akwai abin lura da ya wuce hukuncin. Iskokin bori a kullum sukan ɗauki siffar al'ummar da aka yi maƙwabtaka da ita, akwai Bafillace da sandarsa, akwai Ba'abzine da takobinsa, akwai malami da allonsa da tarinsa na tsufa. Da aka zo siffanta Nasara, manoman da ba su taɓa buɗe littafi ba sun tace shi sun tace, abin da ya rage a ƙasan ƙwarya shi ne muƙami da tsawa. Ba kuma za a ce izgili kaɗai suke yi ba. Wanda ya sa jar ɗamara ya zama janar na yini ɗaya yana ɗanɗanar abin da yake zargi, yana son rabonsa na wannan ƙarfi da ya ga ya rinjayi takobin Firhun. Kibri cuta ce mai yaɗuwa, wanda aka taka yakan kwana yana mafarkin takalmin.

Da abin ya bazu zuwa Arewa, mabiya suka fara kafa garuruwan kansu a daji inda ba sarki ba lanho, hukuma ta sa ƙarfi a 1927, aka kama shugabannin, aka kore su zuwa ƙasar Mosi da Kodebuwa, Shibo na cikinsu. Bariki ya ɗauka magana ta ƙare. Shekara huɗu bayan haka, a 1931, fara da ƙarancin ruwa suka haɗu suka jefa yammacin Nijar cikin yunwar da ta kashe dubban mutane, ta watsa garuruwa. Alamu sun bayyana tun kakar da ta gabata, amma aka ci gaba da karɓar lanho, aka yi jinkirin yarda cewa akwai yunwa, domin rahoton da ke cewa ƙasa lafiya ya fi daɗin aikawa sama, kuma ba a saba tambayar manomi abin da ke cikin rumbunsa don a gaskata shi ba. Sufeton da aka turo daga Faransa bayan abin ya wuce ya ɗora babban kaso na laifin a kan masu mulki. Dokar kaso ba shari'a da aikin tilas kuwa ba a soke su ba sai 1946.

Korar da yunwar su suka ɗauki Babule suka kai su nesa. 'Yan ci-rani na Zabarma da Kurfai da Arewa suka tafi da su Kumasi da Ankara, inda iskokin suka sami sababbin muƙamai na mulkin Ingila, har da direban jirgin ƙasa. A 1954 Rouch ya ɗauki hoton taronsu na shekara a bayan birnin Ankara, ya fitar da fim mai suna Les Maîtres fous, inda ake ganin an fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, ruwan ƙwan yana gangarowa fari da rawaya, sai a nuna gwamnan gaske a wurin fareti da gashin tsuntsu yana zubowa daga hularsa. Washegari kuma a nuna mutanen nan a bakin aikinsu, wannan yana dako a kasuwa, wancan yana haƙar ramin famfo, suna murmushi. Da aka nuna fim ɗin a Paris a 1955 malaminsa Marcel Griaule ya ba da shawarar a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka ji an kunyata su, hukumar Ingila ta hana nuna shi a ƙasashen da take mulka, a 1957 kuma ya ci lambar yabo a Banis. Kowane ɓangare ya ga wani abu da ya taɓa masa girma.

Ita kuwa koyarwar Linjila da muka ambata a baya ta makara a hanya. Masu bishara na SIM sun sauka Damagaram a 1924, limamin Katolika na farko da ya zauna Yamai, François Faroud, ya zo a 1931, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, shekara bakwai bayan abin da ya faru a Cikal, kuma har yau Kiristoci 'yan kaɗan ne a Nijar, a Kurfai ma sun fi ƙaranci. Abin da ya sa aka saurari waɗanda aka saurara a cikinsu shi ne aikin hannu, kamar asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da jinyar kutare a Danja kusa da Maraɗi, da halin mutane irin Hippolyte Berlier, bishop na farko na Yamai tun 1961, wanda ya sauka daga kujerarsa a 1984 ya koma ƙasar Agadas ya zauna har rasuwarsa a 1992. A Cikal ɗin kanta, wata ƙungiya da wani limamin Katolika na Kanada, Gerald McGuigan, ya kafa ta buɗe aikin raya karkara mai suna Tapis Vert, a nan ne kuma a 1980 aka fara gwada ginin tubalin laka mai rufin ƙubba, ba azara ba itace, dabarar da aka aro daga maginan Nuba na Masar don a rage sarar itatuwa, daga baya ta bazu cikin Nijar da Mali. Sana'a ce da ba ta koyuwa daga kan kujera, mai koyarwa da mai koyo duk sai sun tsuguna cikin kwaɓin laka.

Crocicchia bai yi asarar komai ba a aikinsa. Ya ci gaba da hawa har ya zama gwamnan Kodebuwa a 1939, ƙasar da aka kai waɗansu daga cikin mutanen da aka kora, sa'an nan gwamnan Gini daga 1942 zuwa 1944. Babule kuwa, waɗanda tsofaffin masu bori suka fara kallo da ƙyama, sun sami gurbi a cikin dangin iskoki na Kurfai da Arewa da Zabarma, suna da takensu da kayan sawarsu. In an kafa wasa goge ya kira su, Kumandan Mugu yana sauka tare da sauran, ya duba sahu, ya zagi wanda bai ƙame daidai ba, a sara masa, kuma yanzu su ne sojojin da masu wannan al'ada suke kai wa ƙarar maye da ɓarawo.